Auta Ya Sayo Motar Kashe Gobara

A unguwar nan, ko baƙo ne ya tambayi Gidan Mai Gada, da baki za a nuna masa. Kakan gidan shi ya gina gadar da ta haɗa unguwar da babban titi, tun zamanin da mutane ke naɗe wando su tsallake rafi. Ɗansa ya gina ɗakin shan magani, ya kuma kafa ƙaton tankin da ke ba famfunan unguwa ruwa. Bayan rasuwarsa, ƙaninsa, wanda kowa ke kira Kawu, ya shekara ashirin yana shugabantar kwamitin unguwa, shi ya kawo fitilun titi. Babbar 'yar gidan kuwa, Yaya, ita ce shugabar masu jinya a ɗakin shan maganin, rabin yaran unguwa a hannunta suka fara kuka.

Sai kuma Auta.

Auta shekararsa talatin da takwas, kuma in ban da tumbi babu abin da ya taɓa ginawa. Ya yi kiwon kaji, kajin suka mutu. Ya buɗe shagon gyaran agogo, duk agogon da ya shiga hannunsa ya fito yana tafiya yadda ya ga dama. Amma baki kam, Allah ya hore masa. Ko ƙusa ya ga ana bugawa sai ya tsaya ya ce, "Ku bar min, a jininmu abin yake."

Ana nan sai Kawu ya ce gwiwoyinsa sun gaji, zai sauka daga shugabanci, a yi zaɓe bayan mako biyu. Nan da nan aka fara raɗe-raɗin cewa Yaya ce ta dace. Maganar ta soki Auta har ƙashi. Washegari da safe ya shigo falon mahaifiyarsu, ya tarar da ita da Yaya suna karyawa, ya tsaya a ƙarƙashin hotunan magabata ya riƙe ƙugu.

"Umma, ki lissafa. Kaka ya yi maganin rafi. Baba ya yi maganin cuta da ƙishirwa. Kawu ya yi maganin duhu. Me ya rage a kawo wa unguwar nan?"

Umma ta kurɓi abin da ke kofinta ta ce, "In kai za ka kawo, ka fara da hankali."

"Gobara, Umma! Babu wanda ya taɓa tunanin gobara. Motar kashe gobara zan sayo, tamu ta kanmu."

Yaya ta ajiye cokali. "Auta, yaushe rabon da a yi gobara a unguwar nan?"

"Yawwa, kin zo wurin! Tunda ta daɗe ba ta zo ba, ai tana hanya ke nan."

"Ka taɓa tuƙa babbar mota?"

"Mota ai mota ce, Yaya. Sitiyari ɗaya ne. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe."

Umma ta ce, "Haka ne. Amma an ce albasa ba ta yi halin ruwa ba."

Auta bai tsaya jin ƙarshen zancen ba. Ya sayar da filin da ya gada, ya nufi inda ake gwanjon tsofaffin motoci. A rana ta uku da hantsi, sai ga shi ya shigo unguwa a zaune bayan sitiyarin wata ƙatuwar jar mota mai tsani a bayanta, hular kwano a kansa, yana ɗaga wa jama'a hannu kamar wanda ya ci yaƙi. Abu ɗaya ne ya ɗan rage wa shigowar armashi: wata tifa ce ke jan motar da igiya.

Bakaniken unguwa ya zo yana goge hannu da tsumma. Ya zagaya motar sau biyu, ya ɗaga murfin injin, sai ga ɓera ta fito da 'ya'yanta biyar a jere.

"Auta, da fasinja aka sayar maka da ita?"

"Kai dai duba injin. Wannan ƙarfen zamanin da ne, ba irin gwangwanin yanzu ba."

"Na ga alama. Motar nan ta girme ni. Kuma ɓerayen nan sun cinye rigar wayoyin tas. In ba a sake su ba, wata rana da kanta za ta nemi a kashe ta."

"Hassada ce. Kai dai sa ta tashi."

Bakanike ya yini a ƙarƙashinta, da la'asar ta yi tari, ta yi atishawa, ta tashi. Murna ta kama Auta. A gabansa akwai maɓallai sun fi ashirin, kowanne da rubutu a wani harshe da babu mai iya karantawa a unguwar. Ya zaɓi mafi girma ya danna. Jiniya ta ɓarke. Ya sake dannawa, ta ƙara ƙarfi. Ya danna na kusa da shi, fitilu suka shiga juyi, jiniyar kuma ta sake murya, ta koma kamar akuyar da aka taka wa wuya.

A shagon da ke kallon wurin, Mai Aski ya zabura, injin askinsa ya yi wa kan wani dattijo titi tun daga goshi har ƙeya. Dattijon ya fito da ƙyalle a wuya yana nuna kansa.

"Wa zai biya ni gashina?"

Auta ya leƙo ta taga yana ihu don a ji shi. "Baba, ka gode wa Allah! Da gobara ce da duka ya tafi!"

Sai da Bakanike ya datse wayoyi uku kafin ya dace da ta jiniyar.

Kashegari Auta ya ce motar kashe gobara ba ruwa ai gawa ce. Ya kai ta gindin tankin da mahaifinsa ya kafa, ya jona tiyo, ya zauna a inuwa yana ba masu wucewa labarin yadda ake kashe wutar bene mai hawa goma. Motar ta sha, ta sha, ta ƙi cika. Kafin azahar famfunan unguwa suka fara fito da iska. Can sai ga mata sun doso da bokitai wayam, Yaya a gabansu da farar rigar aiki.

"Auta, ina da mai naƙuda a kan gado, babu ruwan da zan wanke hannu. Ina ruwan unguwa?"

Ya bubbuga cikin motar da alfahari. "Yana nan a ajiye, Yaya. Rigakafi ya fi magani, ke ma kin sani."

"A ajiye? Sunkuya ka duba."

Ya sunkuya. Ta ƙarƙashin motar ruwa ke tsiyaya ta huda uku, ya yi hanya ya gangara ya cika kwata. Agwagin unguwa sun riga sun taru suna wanka.

Ya miƙe ya gyara hular kwano. "Wannan ai numfashi take yi. Duk babbar mota haka take."

Yaya ta karɓi bokitin wata mata ta tara a hudar da ta fi girma, ta cika, ta miƙa masa. "Ɗauki. Tunda kai ne mai ruwa yau, biyo ni." Haka aka ga jikan Mai Gada, da hular kwano, yana jigilar bokiti zuwa ɗakin shan magani har sawu goma sha biyu. Daga ranar, duk inda jar motar ta nufa, agwagi na biye da ita kamar uwarsu.

Auta ya toshe hudojin da sabulu da tsumma, sannan ya shiga neman dakaru. Mutum biyu ya samu: Mai Aski, wanda ya ce gara ya kasance a cikin motar da ya kasance a gabanta, da Tela, wani siririn mutum da iska mai ƙarfi kan sa ya riƙe bango. Tela ya ɗinka musu jajayen riguna. Hular kwano kuwa ɗaya ce, don haka ta kwamanda Auta ce. Kwana huɗu suna zaune a kan motar suna jiran gobara, ko taba babu wanda ya kunna a kusa.

A rana ta biyar da sassafe, Auta ya hango baƙin hayaƙi ya turnuƙe a ƙarshen layi. Ya daka tsalle ya busa usur.

"Ta zo! Na gaya muku tana hanya!"

Mai Aski ya ce, "Kwamanda, kamar fa wajen gidan burodi ne."

"To gidan burodi ba ya cin wuta ne? Hau!"

Suka tafi, motar na gurnani, agwagi na biye. A kwanar farko ta kwashe igiyar shanyar wani gida, suka isa da zannuwan gado suna kaɗawa a kan tsani kamar tuta. Auta ya miƙa wa Tela bakin tiyo, ya ce ya saita tagar da hayaƙin ke fitowa, shi kuma ya murɗa wani ƙarfe iya ƙarfinsa. Ruwan ya zo da fushi. Tiyon ya ɗaga Tela sama, ya kaɗa shi hagu, ya kaɗa shi dama, ya wanke katangar maƙwabta da wani mai keke da ke wucewa, daga ƙarshe ya sami tagar.

Aka ji "fuuu!" Hayaƙi ya koma fari. Ƙofa ta buɗe, Mai Burodi ta fito. Mace ce ƙaƙƙarfa, shekara ashirin tana gashi a wannan tanderun. Ruwa na ɗiga daga ɗankwalinta, kwaɓin fulawa ya manne mata har gira, a hannunta ga doguwar matsamar katako da take zaro burodi da ita daga tanderu.

Auta ya sara mata. "Kada ki damu da godiya, Hajiya. Aikinmu ne."

"Wa ya ce maka gobara ake yi?"

"Hayaƙi na gani."

"Shekara ashirin kana cin burodina, da me ka zaci nake gasa shi? Da addu'a?"

"Ai ba a sani ba, Hajiya, gara a yi shakka a kashe..."

Bai ƙarasa ba matsamar ta sauka a kan hular kwano, ta yi ƙara kamar ƙararrawar makaranta. Kwamanda ya ari ta kare, dakaru suka rufa masa baya. Ranar babu gidan da aka ci burodi a unguwar, kuma babu gidan da ba a ambaci sunan Auta ba.

Da yamma Kawu ya aika aka kira Auta. Ya same shi a zaune ya miƙe ƙafafu a kan matashi.

"Auta, sunan gidan nan shekara sittin ana gina shi. Kai a mako ɗaya ka fara cire masa jinka. Mutane sun fara cewa a kai kujerar nan wani gida. Ka ajiye motar nan."

"Kawu, ba su ga aikinta ba ne. Ranar zaɓe zan nuna musu. Wuta ta gaske, a gaban idonsu, in kashe ta cikin minti ɗaya."

"Wace wutar?"

"Wadda zan kunna."

Kawu ya ce, "Wanda ya ƙi ji, ba ya ƙi gani ba."

Ranar zaɓe filin da ke gaban zauren kwamiti ya cika. An kafa rumfar tamfol, an jera kujeru, Umma da Kawu na sahun gaba. A tsakiyar filin Auta ya haɗa wata bukka da tsofaffin katakai da kwalaye, a kan rufinta ya zaunar da mutum-mutumin da Tela ya cusa wa tsummoki, wai shi ne za a ceto. Motar kuwa ya ajiye ta can ƙetaren gada, don a ga isowarta.

Ya karɓi lasifika. "Jama'a! Kakana ya ba ku gada. Ubana ya ba ku ruwa. Ni yau zan ba ku kwanciyar hankali. Duk mai agogo ya duba!"

Wani daga baya ya ce, "In dai ba kai ka gyara shi ba!"

Auta ya yi kamar bai ji ba. Ya tuttula wa bukkar fetur jarka guda, ya matsa kusa, ya ƙyasta ashana. Wutar ta ce "bum!" Da ya juyo, babu gira ko ɗaya a fuskarsa, sai mamaki. Duk da haka ya busa usur, ya ruga ya haye gada, ya faɗa mota ya murɗa makulli.

Motar ta ce "ƙyat."

Ya sake murɗawa. Ta sake cewa "ƙyat."

"Ku tura!"

Tela da Mai Aski suka tura, ko motsi. Sai da 'yan kallo kusan ashirin suka tsallako suka sa hannu. Masu agogo suna ƙirga minti na bakwai motar ta tashi, ta hau gada, ta gangaro filin da gudun da ba ta taɓa yi ba. Auta ya taka burki, burki ya shige har ƙasa bai ce komai ba. Mutane suka watse, kujeru suka kife. Tudun yashin da ke gefen bukkar ne ya tsayar da ita, hancinta kamu biyu daga wuta.

Auta ya diro kamar haka ya tsara. "Kun ga saiti? Tela, tiyo!"

Tela ya rungume tiyo, ya rufe ido, ya turje ƙafa. Auta ya murɗa ƙarfen. Tiyon ya kumbura kaɗan, ya yi tari sau biyu, ya tofo kwaɗo guda ɗaya. Kwaɗon ya dubi wutar, ya dubi Tela, ya yi tsalle ya nufi rafi. Ashe sabulun da aka toshe hudojin da shi ya narke tun jiya, ruwan duk ya bi ƙasa.

Filin ya ɗauki dariya. Amma Auta bai karaya ba. "Ceton rai ya fi kashe wuta!" Ya haye tsani, ya ce wa Mai Aski ya ja ƙarfen da zai karkata shi kan bukka. Mai Aski ya ja wanda ya fi kusa da hannunsa. Tsanin ya miƙe sama, ya yi ta tafiya da Auta har ya wuce tsayin zauren kwamiti, ya ƙame a can.

A daidai lokacin Bakanike ya yi ihu. "Wayoyin nan! Na faɗa!"

Hayaƙi ne ke fitowa daga ƙarƙashin murfin injin. Kafin a ce kwabo, harshen wuta ya leƙo, kujerar direba ta kama. Iska kuma ta juyo, ta fara kwasar tartsatsin bukka tana watsawa kan rumfar tamfol da rufin zauren. Dariya ta ɗauke. Daga can sama aka ji muryar kwamanda ta sirance.

"Jama'a, a kira 'yan kwana-kwana!"

Yaya ta tsinci lasifikar daga ƙasa. "Maza ku janye tamfol ɗin nan! Kowa ya ruga gida ya kawo bokiti, ko baho, ko tukunya. Layi biyu nake so, ɗaya daga famfo, ɗaya daga rafi. Bakanike, cire batir. Masu shebur, ga yashi nan!"

Ba a taɓa ganin unguwar ta motsa haka ba. Bokiti na bin hannu, daga dattijon da aka yi wa titi a ka, zuwa malaman makaranta, zuwa Umma da ta ɗaure mayafi a ƙugu. Kawu ya manta da gwiwoyinsa. Cikin minti goma bukka ta zama toka, mutum-mutumin ya riga mu gidan gaskiya, motar ta koma baƙa tana huci, zauren kuwa ya tsira da ɗan baƙin tabo a kusurwa.

Saura Auta a sama, ya rungume tsani da hannu da ƙafa, gindin wandonsa na fitar da siririn hayaƙi.

Mai Burodi ta matso da bokiti cike. Ta ɗaga kai ta ce, "Kwamanda, hayaƙi nake gani."

"Hajiya, ba wuta ba ce, ɗumi ne kawai!"

"Ai ba a sani ba. Gara a yi shakka a kashe."

Ta haye bayan motar, ta auna, ta sheƙa masa. Ko ɗigo bai faɗi a banza ba.

Aka shimfiɗa tamfol, mutum takwas suka riƙe, aka ce ya saki. Ya ce sai an rantse ba za a matsa ba. Aka rantse. Ya rufe ido ya saki, ya faɗo tsakiyar tamfol, tamfol ɗin da wuta ta riga ta lasa ya yage, ya zarce cikin taɓon da bokitai suka yi.

A nan filin, kowa jiƙe sharkaf, aka yi zaɓen da ɗaga hannu. Da aka kira Yaya, hannaye suka tashi kamar dawa a gona. Da aka kira Auta, hannu ɗaya ya tashi daga cikin taɓo. Ya waiga ya dubi dakarunsa. Tela ya shiga duba ɗinkin rigarsa, Mai Aski ya ce kafaɗarsa ta riƙe.

"Umma, har da ke?"

"Ni hannuna ya gaji da bokitinka."

Abin da Yaya ta fara yi a matsayin shugaba shi ne kafa ƙungiyar sa-kai ta kashe gobara, tunda an ga aikin layi biyu. Kowane gida zai ajiye bokiti biyu da buhun yashi a bakin ƙofa, a riƙa atisaye duk wata. Aka kawo takarda, aka rubuta dokoki, kowa ya sa hannu.

Auta ya taso yana ɗingishi, taɓo na zuba daga kunnensa, ya leƙa takardar. Sai fuskarsa ta washe. Ya juya ga jama'a ya buɗe hannuwa.

"To, ku faɗi gaskiya. Da ban kunna wutar nan ba, da an kafa ƙungiyar nan? Ni ne tushenta! Ku duba ma, sunana ne a layin farko."

Kawu ya sa tabarau ya karɓi takardar. "Gaskiyarsa, jama'a, sunansa ne a farko." Ya gyara murya ya karanta: "Doka ta ɗaya. Duk wanda ya ga ashana a hannun Auta, kada ya jira umarni, ya fara ɗebo ruwa."

Filin ya kece da dariya. Auta ya jira har ta lafa, ya gyaɗa kai, ya dafa kafaɗar Bakanike ya ce, "Ka ji ko? Ko Kaka da ya gina gada, ba a sa shi a doka ba."